Kwanan Daji a Lokacin Toho: Labarin Kwarin Yosemiti

Wannan shi ne jawabin da aka karanta a gaban taron reshen matasa na jam'iyya, a kan gandayen daji da wuraren shaƙatawa na jama'a. An buga shi a nan gaba ɗayansa domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Maganar da za a tattauna a nan yau, da farkon ji, ba ta yi kama da maganar siyasa ba. Watau maganar mutanen da kan ɗauki tanti da bargo da tukunya, su bar ɗakunansu da gadajensu, su tafi cikin kurmi ko kan duwatsu ko bakin kogi su kwana don marmari kawai. Bahaushen da ya san wahalar zango, wanda kakanninsa suka bi ayari zuwa Gwanja, zai ce wannan ai ƙoshi ne ya yi wa mutane yawa. To, amma duk wanda ya kafa tanti, a kan ƙasar wani ya kafa shi. Dole akwai wanda ya ba da izini, akwai wanda ke biyan mai gadi albashi, sau da yawa kuma akwai wanda aka kora kafin a share wurin. Nan ne maganar ta shiga hurumin masu neman mulki, kuma babu inda ta fito fili kamar a wani kwari da ke Jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, wanda ake kira Yosemiti.

Kafin a shiga labarin, sai an gyara wata kalma. A ƙasashen sanyi shekara kashi huɗu ce, kuma akwai lokacin da ke biyo bayan hunturu, daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, sa'ad da dusar ƙanƙara ke narkewa, itatuwan da suka kaɗe ganye suna sake toho, rana tana ƙara tsawo. Masu fassara kan kira shi bazara, amma wannan suna yana ɓad da mai sauraro, domin bazarar da aka sani a Sakkwato ko Nguru zafi ce da gumi da jiran hadari. Can kuwa lokacin sassaucin sanyi ne, da cikar koguna ba tare da damina ba. Saboda haka a wannan jawabi za a kira shi lokacin toho. Mutumin da sanyi ya kulle a ɗaki wata huɗu, da ya ga rana ta fito, ba abin da yake so kamar ya fita fili, kuma daga nan al'adar kwanan daji a wannan lokaci ta samo ƙarfinta.

Kwarin Yosemiti yana cikin jerin duwatsun Siyera Nebada. Tsawonsa kamar mil 7 ne, faɗinsa bai wuce mil ɗaya ba a yawancin wurare, ga duwatsu masu santsi tsaye dama da hagu kamar garu, waɗansu sun haura ƙafa 3,000 daga gindinsu. Kogin Merced ne ke ratsa tsakiyarsa. Idan watan Mayu ya kama, ƙanƙarar da ta taru a kan tuddai tun Nuwamba sai ta narke ta gangaro, ruwa ya riƙa faɗowa daga kan duwatsu ta kowace kusurwa. Mafi tsawon waɗannan magangara, wadda ke ɗauke da sunan kwarin, ƙafa 2,425 ce daga sama zuwa ƙasa, kuma ana jin rugugin ta daga nesa kamar na jirgin ƙasa. Wanda ya je a watan Agusta sau da yawa ba abin da zai tarar sai baƙin tabo a jikin dutse. Shi ya sa kowa ke ɗokin zuwa a lokacin toho.

Mutanen farko da suka yi zango a kwarin da niyyar mallakarsa ba masu yawon shaƙatawa ba ne. Tun ɗaruruwan shekaru akwai 'yan asalin ƙasar da ake kira Ahwahnichi suna zaune a ciki, suna tara 'ya'yan itatuwa a rumbuna, suna ƙona fadamun kwarin lokaci lokaci don ciyawa ta sake fitowa. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, masu haƙa suka kwararo, rigima ta tashi tsakaninsu da masu ƙasa. A ƙarshen watan Maris na 1851 wata rundunar sa-kai ta Turawa, ƙarƙashin wani mai suna James Savage, ta shiga kwarin tana neman sarkinsu Tenaya da jama'arsa. Suka yada zango a wata fadama kusa da magangarar Bridalveil, a bakin wutar wannan zango ne kuma suka raɗa wa kwarin sunan da ake kiransa da shi yau. Kashegari da kwanakin da suka biyo baya suka bi bukkoki da rumbunan abinci suna cinna musu wuta. Waɗansu daga cikin mutanen sun komo daga baya, suka zauna suna yi wa masu otal aikin ƙarfi da wanki, har zuwa 1969 sa'ad da hukumar gandun ta rushe ƙauyensu na ƙarshe. Duk wanda zai yabi tsarin gandayen Amurka, to, ya fara da ambaton wannan, in ba haka ba yabonsa ya zama na maroƙi.

A ran 30 ga Yuni, 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ba Jihar Kalifoniya kwarin, tare da wani kurmin manyan itatuwa da ake kira Mariposa, bisa sharaɗin a tsare su don amfanin jama'a da shaƙatawarsu, ba sayarwa har abada. Wannan sabon abu ne a lokacin, domin al'adar gwamnatin Amurka ita ce ta raba ƙasa ga masu noma da kamfanonin jirgin ƙasa. Sai dai jihar ba ta riƙe amanar da kyau ba. Aka kakkafa shinge a fadamu, aka nome waɗansu, shanu da dawaki suka tattake saura, masu otal da masu mashaya kowa ya kama rabonsa. A kan tuddan da ke kewaye kuma garkunan tumaki dubbai suna cinye ciyawa har saiwa.

Mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan ɓarna shi ne John Muir, haifaffen Sikotilan a 1838, wanda iyayensa suka ƙaura da shi Amurka yana yaro. Ya iso Yosemiti a 1868, shekara ta gaba kuma ya yi aikin kiwon tumaki a tuddan, saboda haka abin da yake faɗa da idonsa ya gani. Rubuce-rubucensa a mujallu suka taimaka har Majalisar Dokokin Tarayya ta mai da tuddan gandun ƙasa a 1890, aka sa sojan doki su tsare shi daga 1891. Daga cikin waɗanda suka yi wannan gadi har da rundunonin baƙaƙen fata, a 1899 da 1903 da 1904. Amma kwarin kansa da kurmin Mariposa suka ci gaba da zama a hannun jiha. Gandun ya zama kamar zobe: kewayen na tarayya, tsakiyar kuwa, inda duk kyan yake, ta jiha.

A haka ake har lokacin toho na 1903. Shugaban Amurka na lokacin, Theodore Roosevelt, yana da shekara 44, mutum ne mai son doki da farauta da kwanan fili. Ya shirya rangadi na fiye da wata biyu a jihohin yamma, ya rubuta wa Muir takarda tun a watan Maris cewa yana so ya yi masa jagora a Yosemiti, su biyu, ba tare da 'yan rakiya ba. Manyan jihar kuwa sun shirya tasu: liyafa a cikin kwarin, da jawabai, da wasan wuta. Ran 15 ga Mayu, da ayarin ya isa kurmin Mariposa, shugaban ya sallami gwamna da sauran manya, ya ce su wuce masauki. Ya rage daga shi sai Muir, mai shekara 65, da ma'aikatan daji biyu, da mai kula da alfadarai.

Daren farko suka kwana a gindin itatuwan sikwaya, waɗanda babu itacen da ya kai su girman jiki a duniya. Wanda suka kwana kusa da shi ya haura ƙafa 200, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsa sun kusa 3,000, watau ya riga Bayajida da Daurama tsufa nesa ba kusa ba. Kashegari suka hau dawaki suka yi ta hawa cikin ƙanƙara har kusa da wani tsauni da ake kira Glacier Point, wanda ya haura ƙafa 7,000 bisa teku, inda mutum kan leƙa ya ga kwarin duka a ƙarƙashinsa. Nan suka hura wuta, suka yi ta hira har dare ya raba, da gari ya waye kuma suka tarar dusar ƙanƙara ta rufe bargunansu. A wannan tsauni ne aka ɗauki hoton nan nasu su biyu, wanda har yau ake bugawa a littattafan makaranta. Dare na uku suka sauko cikin kwarin, shugaban ya ƙi zuwa liyafar da aka tanada, ya yada zango a fadamar Bridalveil, wuri ɗaya da inda rundunar Savage ta kwana shekara 52 kafin nan.

Abin lura a nan shi ne yadda Muir ya yi amfani da kwana ukun. Bai nemi muƙami ba, bai nemi kwangila ba. Magana ɗaya ya riƙe: a karɓe kwarin daga hannun jiha a haɗa shi da gandun tarayya, a kuma tsare sauran dazuzzukan daga masu yankan katako da masu tumaki. Shugaban ya ga shingayen da idonsa, ya ga kututturan itatuwan da aka sare. A 1905 majalisar Kalifoniya ta yarda ta mayar da kwarin, bayan muhawara mai zafi, a watan Yuni na 1906 kuma Roosevelt ya sa hannu a dokar karɓarsa. Kada dai a ɗauka hirar bakin wuta ce kaɗai ta yi wannan aiki. Kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya sa baki a majalisu ƙwarai, domin ya san idan gandun ya gyaru, fasinja za su ƙaru. Haka siyasa take, mai kishi da mai neman riba sukan hau jirgi ɗaya. Kafin Roosevelt ya sauka a 1909 ya sa ƙasa kimanin eka miliyan 230 ƙarƙashin tsaron gwamnati, watau kusan daidai da faɗin Nijeriya gaba ɗayanta. A 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya kafa hukuma ta musamman mai kula da gandayen ƙasa.

Duk da haka abotar zango ba ta hana Muir shan kaye ba. A cikin gandun akwai wani kwari na biyu, Hetch Hetchy, mai kama da na farko, wanda birnin San Faransisko ke so ya datse don ruwan sha. Gwamnatin Roosevelt ɗin ce ta ba da izinin farko a 1908. Muir ya yi ta faɗa shekara biyar, amma a ƙarshen 1913 majalisa ta yarda, shi kuwa ya rasu a Disamba 1914. An gama madatsar a 1923, kwarin yana ƙarƙashin ruwa har yanzu, mutanen birnin kuma daga nan suke sha.

Samun doka abu ɗaya ne, riƙon wurin bayan jama'a sun gane hanya kuma wani abu ne dabam, kuma a nan ne aikin gaske yake. A 1913 aka yarda motoci su shiga. Cikin 'yan shekaru sai kowa ya tuƙa motarsa har gindin itacen da ya yi masa, ya kafa tanti, ya sari reshe ya hura wuta, ya zubar da shara a bayan dutse. Wani masanin cututtukan itatuwa mai suna Emilio Meinecke, da aka sa ya bincika abin da ke damun manyan itatuwa, ya gano cewa tayar mota da ƙafar mutane ne ke danne ƙasa har saiwa ta kasa samun iska da ruwa. Maganin da ya kawo a 1932 mai sauƙi ne ƙwarai. A yi hanya guda mai zagaye wadda mota ke bi ta fuska ɗaya, a gefenta a fitar da ƙananan lunguna, kowane lungu na mota ɗaya, a tokare shi da duwatsu ko gungume don kada direba ya wuce, a kafa murhu da tebur waɗanda ba sa ɗaguwa. Da an kafe murhu da wurin mota, to, an kafe mutum, sauran dajin ya huta. Kusan duk zangon gwamnati a Amurka a kan wannan tsari aka gina shi.

Waɗanda suka gina su kuwa matasa ne marasa aikin yi, kuma ya kamata wannan taro ya saurari wannan da kyau. A 1933, sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Shugaba Franklin Roosevelt, ɗan'uwan na farkon na nesa, ya kafa rundunar farar hula ta aikin daji. Ana ɗaukar saurayi a ba shi abinci da tufafi da wurin kwana da dala 30 a wata, a aika wa iyayensa dala 25 daga ciki. Kafin a rufe shirin a 1942 samari kimanin miliyan 3 sun bi ta cikinsa, sun dasa itatuwa kimanin biliyan 3, sun fasa hanyoyin ƙafa, sun gina gadoji da makewayi da murahu. Da yawa daga cikin ginin dutsen da suka yi ana amfani da shi har yau. An raba sansanoninsu bisa launin fata a mafi yawan wurare, kamar yadda ƙasar take a lokacin.

To, mene ne mai zuwa zango a lokacin toho kan tarar? Abu na farko kogi. Bakin ruwa shi ne wurin da kowa ke so, ga inuwa, ga sanyi, ga yashi mai laushi. Amma Merced a watan Mayu ruwan ƙanƙara ne, sanyinsa kan sandarar da hannu da ƙafa cikin 'yan mintoci, ƙarfinsa kuma kan ja ƙato. Yana da wata ɗabi'a da kan ruɗi baƙo: ƙanƙarar da zafin azahar ya narkar a kan tuddai tana ɗaukar sa'o'i kafin ta iso kwarin, saboda haka kogin ya fi cika cikin dare, sararin sama garau, ba ko ɗigon ruwan sama. Mutum ya kafa tantinsa da la'asar taku goma daga ruwa, ya farka cikin dare ya ji katifarsa ta jiƙe. A farkon Janairu na 1997 ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kan ƙanƙara, ma'aunin da ke gadar Pohono ya haura ƙafa 23, alhali ƙafa 10 ce alamar ambaliya. Ruwa ya share zangunan bakin kogi biyu ƙaƙaf, ya ci kusan rabin wuraren kafa tanti na kwarin, aka rufe kwarin har tsakiyar Maris. Hukuma ba ta sake gina waɗannan zanguna biyu ba, ta bar wa kogin hanyarsa, ko da yake masu zango sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru. A 2023, bayan hunturun da ƙanƙara ta yi yawan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, sai da aka kwashe mutane daga zangunan bakin kogi a tsakiyar Mayu, hanyar Tioga kuma, wadda ke ƙetare tuddan a tsawon kusan ƙafa 10,000, ba a buɗe ta ba sai 22 ga Yuli.

Tudu ma yana da nasa. Zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 a ma'aunin Salshiyas duk mita 1,000 da aka hau, saboda haka wanda ya bar kwarin da 'yar shara yana iya tarar da ƙanƙara har gwiwa bayan tafiyar wuni ɗaya. Jiƙaƙƙen tufafi da iska sun fi kashe mutum a irin wannan wuri bisa ga namun daji.

Sai kuma beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da faratai, wadda akwai tsakanin 300 da 500 irinta a gandun. Takan shige rami ta yi barcin hunturu, ta fito a Maris ko Afrilu da yunwar watanni, hancinta kuma ya fi na kare ji. A da hukuma da kanta takan zuba shara a fili da dare, ta jera kujeru, baƙi su zauna su kalli beyar tana ci. An daina wannan tun shekarun 1940, amma dabbar ta riga ta koyi cewa inda mutum yake, nan abinci yake, uwa kuma tana koya wa 'ya'yanta. Har ta iya sa farce a saman ƙofar mota ta lanƙwaso ta kamar murfin gwangwani. A 1998 kaɗai an rubuta ɓarna fiye da 1,500. Daga nan aka tsananta: kowane wurin tanti aka kafa masa akwatin ƙarfe mai sakata, aka wajabta sa duk abin da ke da ƙanshi a ciki, har sabulu da man goge baki, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara ko a kore shi. Ɓarnar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Dabbar ba ta sake hali ba, mutane aka hora. Beyar da ta saba da abincin mutane har ta fara tsoratar da su, ƙarshenta harbi ne, saboda haka sakacin mai zango hukuncin kisa ne a kanta.

Maganar wuta ta fi wuya, domin hukuma ta yi kuskure a kanta shekaru da yawa. Da aka kori masu ƙasa aka hana ƙuna gaba ɗaya, sai ƙananan itatuwa suka cike fadamu, busassun rassa suka taru a ƙasa, sikwaya kuma ta daina haihuwa, domin zafin wuta ne ke buɗe kwanson 'ya'yanta, toka kuma ita ce gadon da irin ke so. A 1970 aka komo ga ƙuna da gangan bisa tsari, watau abin da Ahwahnichi ke yi tun da. A Yuli 2022, da gobara ta doshi kurmin Mariposa, wuraren da aka riga aka ƙona ne suka karya ƙarfinta, ba a rasa ko ɗaya daga cikin manyan itatuwan ba. Wutar mai zango kuwa ba a wasa da ita. Gobarar da ta tashi a Agusta 2013 ta cinye eka fiye da 250,000 a ciki da wajen gandun, hukumar daji kuma ta ce wutar da wani maharbi ya hura ba bisa izini ba ce mafarinta. A cikin kwarin, daga Mayu zuwa Satumba, an ƙayyade hura wutar zango daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, a cikin murhun da aka kafa kawai.

Yawan jama'a shi ne abin da har yanzu ba a sami kansa ba. Baƙin gandun sun kai miliyan 1 a 1954, sun haura miliyan 5 a 2016. Kwarin bai ƙara faɗi ba. Wurin tanti ɗaya na mutum shida ne, ba a kuma yarda mutum ya wuce kwana bakwai a kwarin tsakanin farkon Mayu da tsakiyar Satumba. Ana kama wuri ta intanet watanni kafin ranar, kuma wuraren watan Mayu kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗewa, har a 2022 aka fara jefa ƙuri'a a kan ɗaya daga cikin zangunan bakin kogi. A takarda gandun na kowa ne. A aikace kuwa mai kwamfuta mai sauri, wanda ya san ranar hutunsa tun wata biyar kafin lokaci, ya fi lebura mai aikin yini damar kwana a ciki, kuma wannan rashin adalci ne ko da ba wanda ya nufe shi.

Duk wannan kuma kuɗi ne. Gyare-gyaren da suka taru wa hukumar gandayen Amurka ba a yi ba sun haura dala biliyan 20. A Agusta 2020 aka yi dokar da ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara, tsawon shekara biyar, don rage wannan bashi da irinsa na sauran hukumomin filayen gwamnati. A Fabrairu 2025 kuma gwamnati ta sallami ma'aikatan hukumar kimanin 1,000 a rana ɗaya, ana dab da lokacin toho, Yosemiti ta ɗage sayar da wuraren zango, waɗansu ma'aikata suka rataye tutar ƙasar a kife a jikin babban dutsen El Capitan don nuna halin da ake ciki. Kotu ta ba da umarnin a mayar da su a watan Maris. Ƙasar da ta fi kowace dukiya ke nan, bayan shekara 160 da dokar Lincoln, ana jayayya a kan albashin mai share makewayin zango.

Dalilin kawo wannan dogon labari gaban wannan taro shi ne, Nijeriya ta ari tsarin gandun ƙasa, ta kuma gamu da tambayar nan ta jiha ko tarayya. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi, shekara ɗari daidai bayan Yosemiti ta yi tafiyar ta ɗaya fuskar. Ba wanda zai ce lalle hanyar Amurka ce daidai ga kowa, domin jiha mai kishi tana iya fin tarayya mai sakaci. Abin da ba ya canzawa shi ne dajin da ba mai gadi, ba baƙo, ba ya zama fanko. Dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun tarayya ne tun 1999, kowa kuma a ɗakin nan ya san su wane ne suka yi shekaru suna yada zango a cikinsa.

Watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ake kafa tantuna a bakin Merced, su ne kuma lokacin da fari ke tara giwaye da ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji a Yankari, ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana. Idan ɗan takara ya zo neman goyon bayan wannan reshe, akwai tambayoyin da suka dace da shi: nawa aka ware wa gandayen mazaɓarsa a kasafin bana, nawa aka saki, masu gadi nawa ne a bakin aiki, yaushe aka biya su na ƙarshe, kuma ƙauyukan da ke bakin dajin me suke samu daga kuɗin ƙofa.